Gwamma da Takardar da Ba a Takawa

Duk wanda ya saba bin layin bayan babbar kasuwar Sokodé da safe ya san ƙarar ƙofar Gwamma. Ƙofar ƙarfe ce mai taurin kai, sai an tokare ta da gwiwa take yarda ta buɗe. In ta buɗe ma, Gwamma ba ta fara taɓa na'ura. Sai ta share ɗakin, ta yaye tsohon zanen da take lulluɓe ordinata, wato kwamfuta, da shi, ta kakkaɓe shi a waje, ta leƙa bakin layi ta karɓo shinkafa da wakenta, ta ci a tsanake, ta wanke hannu da sabulu. Sannan ne za ta kunna na'ura. Ko masu zemijan, 'yan haya da babur, sun yi layi da takardun mutane suna ta matsa oda, ko a jikinta.

In ka shigo da aiki, takardar neman aiki ce ko katin suna ko sanarwar rasuwa, tambayarta ɗaya ce: "Wane hannu kake so?" Baƙo kan tsaya yana duban hannuwansa. Salon haruffa take nufi. Kamar yadda ake cewa hannun Malam wane yana da kyau a allo, haka ita ma take kiran kowane salon rubutu na cikin na'ura hannu. Sai ta nuna maka bango, inda ta manna samfurin kowanne a kwali, da sunansa a ƙasa. Ka zaɓa a bango, ita kuma ta kira wanda ka zaɓa shi kaɗai.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli ga 'yar ƙanwarta Mu'minatu, domin idanu sun gaji. Na san babu wanda zai kira taro, babu wanda zai rataya mata lambar girma. Shi ya sa ni Djibril, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya ƙare rabin rayuwarsa a kan bencin ƙofarta yana shan iska yana tsoma baki a abin da ba a tambaye shi ba, na ce ba zan yi shiru ba. Abin yana ba ni haushi, wallahi, yadda muke jira sai mutum ya mutu sannan mu tuna yana da kirki.

Bari in fara da kwalin bangon nan, don ba ado ba ne.

Shagon na Mushe Garuba ne a da, Allah ya jiƙansa (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan bokon Faransanci). Shi ya ɗauko Gwamma daga kan tafireta, shi ya sayo ordinatar farko, ta hannu, daga Lomé. Garuba mutumin kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya, kwaɗayin haruffa. Duk wanda zai sauka Lomé sai ya ba shi saƙon sabon salo a disket, 'yar ma'ajiyar na'ura ta tafi-da-gidanka, ya kwafe ya mayar wa mai ita. Akwai masu ƙafa, akwai masu lanƙwasa kamar zanen lalle, akwai wani mai inuwa da yake ji da shi kamar ɗan fari. Ya cika na'urar da su, sai na'ura ta fara ciwo. A kunna ta, a buɗe wurin rubutu, ta yi tsaye cak, ta ce kanta ya cika. Garuba ya zagi wuta, ya zagi wanda ya sayar masa, har zafin garin bai tsira ba.

Gwamma ce ta zauna ta lura da ita. Ba ta yi karatun na'ura ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi ba. Gwadawa ta yi ta yi, ta cire wannan ta kunna, ta mayar da wancan ta kunna, har ta gano inda gizo ke saƙar. Yadda ta bayyana mini ke nan, kuma ban taɓa jin wanda ya fi ta iya faɗa ba:

"Mushe Djibril, na'urar nan tana da rumbu, tana da faifai. A rumbu ake ajiya, a faifai ake aiki. To ita wautarta, da an buɗe ta, sai ta kwaso duk hannuwan da ke rumbu ta jibge a faifai, wai don ta nuna maka jerinsu kowanne da kamarsa. Ina za a sa aikin kuma?"

Sai ta hana ta. Ta sa jerin ya riƙa nuna suna kawai, ba tare da kama ba. Waɗanda ba a cika nema ba ta kwashe su daga inda na'ura ke dubawa ta kai wani lungu na rumbun. Kamar kuma, wadda abokin ciniki yake son gani, ta buga ta a takarda ta manna a bango. Tun daga ranar na'urar ta daina suma. Garuba ya yi ta ba mutane labari a majalisa, kuma, don in yi masa adalci, bai taɓa cewa dabararsa ba ce.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miya ta ƙare a shekarar dogon yajin aiki.

Waɗanda suka ga lokacin ba sa bukatar tuni. Lakwal a rufe, ofisoshi a rufe, wuta ta zo ta ɗauke yadda ta ga dama. A farkon 1993 mutane suka yi ta tserewa daga Lomé, wasu suka tsallaka iyaka, namu kuma da yawa suka yo arewa da abin da hannu ya iya ɗauka. Cikin waɗanda suka sauka a tashar Sokodé akwai wata dattijuwa, Shetu, da mijinta Malam Nu'uman. Ya yi shekaru yana karantarwa a zangon Lomé, amma tsufa ya taɓa masa tunani. Yakan manta garin da yake, yakan manta ya ci abinci, wani lokaci har sunansa. Abu ɗaya bai bar shi ba, karatu. Duk abin da aka rubuta da haruffan Larabci, in ya gani sai ya karanta.

A cikin turmutsutsun tashar Shetu ta zaunar da shi a kan buhu ta je neman ruwa. Ta dawo ba ya nan. Wani ɗan kamasho ya ce ya ga tsoho da buta yana hawa motar kaya mai zuwa arewa, amma ko Kara, ko Mango, ko Dapaong, bai sani ba.

Ta zo shagon ne bayan ta gama zaga masallatai da asibiti. Ina zaune ta shigo. Gwamma ta ba ta kujera, ta ce, "Mma, faɗa mini sunansa in rubuta."

Shetu ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam."

"Malam wa, Mma?"

Shetu ta ƙi faɗa. Ko a wannan hali ba za ta kama sunan mijinta ba. Maƙwabciyar da ta rako ta ce ta faɗa. Sannan Shetu ta ce, "'Yata, ba na roƙon ya warke. Ba na so ya mutu a hannun mutanen da ba su san sunan da za su ambata a kansa ba." Ni da nake ganin na iya riƙe fuska, sai da na fita waje.

Gwamma ta buga sanarwa da Faransanci da Hausar boko, da manyan haruffa. Direbobi suka tafi da ita suka manna a tashoshi. Ba a kwana biyu ba aka yage su duka. A lokacin duk takardar da aka gani a bango ta siyasa ce a idon mutane. 'Yan wannan ɓangare su yage don suna zaton ta wancan ce, 'yan wancan su yage don suna zaton ta wannan ce, talaka kuwa ya kau da kai don kada a gan shi yana karantawa. Ta sake bugawa, aka sake yagewa. Salifou direba ya dawo ya ce ya ga ɗaya a Mango an ƙunshe ƙosai da ita.

Shetu ba ta daina zuwa ba. Kullum da hantsi tana kan benci kusa da ni, ba ta tambaya, ba ta kuka, zama kawai. Wata rana tana tafiya gida, sai ta tsaya a tsakiyar layi, ta duƙa da ƙyar, ta tsinci wata 'yar takarda, ta hure ta, ta cusa a tsagar katanga. Takardar kwalin shayi ce, amma da rubutun Larabci a jikinta. Dukanmu muna yin haka tun muna yara, har maƙwabtanmu da ba sa salla sun san ba a taka irin wannan rubutu. Ni na gani ban ga komai ba. Gwamma ta miƙe tsaye a bakin ƙofa.

"Mushe Djibril, wa ke yaga takardar ajami?"

"Babu."

"In an tsince ta, ina ake kai ta?"

"Wajen malam mana."

"To shi kuma tsohon nan, in yana raye, ina zai zauna in ba wajen malam ba?"

Ba ta yi gaggawa ba. Ta fara zuwa wajen limamin unguwarmu ta Didawure ta tambaye shi ko ya halatta. Ya ce ya halatta, da sharaɗin kada a sa sunan Allah ko aya, tunda takarda ce da za ta iya faɗuwa ƙasa. Malamai biyu suka rubuta da hannu gwargwadon iko, amma nawa hannu zai rubuta? Ƙasar da za a nema daga nan har iyaka ce. Injin fotokofi ɗaya da ya rage a gari garin tawadarsa ya ƙare, kuma babu mai kawowa. Abin da ke aiki shi ne firintar Gwamma mai ƙara kamar injin niƙa, wadda take shafa wa ƙyallenta tawada da hannu. Sai dai na'urarta ba ta da hannun Larabci.

Aka ce akwai wani Malam Kassimu a Dapaong da ya dawo daga karatu a gabas, ƙasar Larabawa, da disket ɗin Larabci, yana ta jiran ranar da makarantarsa za ta sami na'ura. Aka aika masa, ya ce ba zai ba direba ba, sai wanda ya san darajar abin. Gwamma ta ɗaura gyale ta shiga motar Salifou.

Salifou ne ya ba ni labarin hanya. Shinge bayan shinge, wasu na masu kaki, wasu na samarin gari da sanduna, kowa na neman takardun siyasa. A dawowa, wani ya zazzage jakarta ya ɗaga disket ɗin yana juya shi, ya ce sunayen wa ke ciki. Ta ce, "Ba suna, haruffa ne." Ya ce zai fasa ya gani. Salifou ya ce ya zaci za ta yi roƙo, sai ya ga ta sauko daga mota ta zauna a kan dutse ta ce, "To ka fasa. Amma ba zan tashi daga nan ba sai ka zo mun je ka gaya wa tsohuwar da bakinka." Ta ba shi labarin Shetu tun daga tasha, a gaban fasinjoji, rana na dukan kowa. Ƙarshe mai shingen da kansa ya naɗe disket ɗin a gyalenta, ya ce in an buga a ajiye masa guda goma a shingen.

Gwamma, ke ce kika yi wannan. Mace mai kaifi ɗaya, wadda ba ta iya ɗaga murya ba kuma ba ta iya ja da baya ba. Na sha yi miki tsiya cewa taurin kanki ya fi na ƙofar shagonki, kuma ban janye ba. Amma ranar da Salifou ya gama ba ni labarin nan, na ji kunyar duk wata tsiya da na taɓa yi miki.

Wahala ta gaske tana jira a shago. Hannun Larabci ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana tare da kayan da ke koya wa na'ura rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffa. Ta sa shi, na'ura ta suma. Ta kwashe duk sunayen da ke jerin, ta bar hannun boko ɗaya tak, mafi sauƙi, sai faifai ya ɗauka. Amma rumbu ya ce babu wuri. Ta kwashe abin da za ta iya zuwa disket-disket ɗin da ke shagon, suka cika, har yanzu da saura. Babu inda za a sayo disket, Lomé a rufe. Sai dai a goge wasu hannuwan Garuba, gogewar da ba dawowa.

Kada ku ga laifin Garuba. A wannan shekara abin da ke riƙe da shagon shi ne manyan haruffan ado, su masu taro da masu biki ke nema. Ya tsaya a kanta yana huci.

"Gwamma, kin san shekara nawa na yi ina tara su? In kin goge, a ina zan samo?"

"Ban sani ba, Patro," ta ce wa maigidan nata.

"A kan tsohon da wataƙila ma ya riga ya mutu!"

"In ya mutu, a gaya mata inda aka binne shi. Shi ma aiki ne." Ta tura masa kujera. "Ba zan taɓa su a ɓoye ba, naka ne. Ka zauna ka zaɓa da kanka. In ka ce a'a, zan mayar wa Malam Kassimu kayansa, in ajiye maka makulli, don ba zan iya zama a nan ina kallonta a bencin can ba."

Garuba ya leƙa waje. Shetu na zaune, ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon hanya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna yana ƙunƙuni, ya fara nuna wa Gwamma da yatsa, wannan, da wannan. Suka goge, wuri bai isa ba. Suka ƙara, bai isa ba. Da aka zo kan mai inuwar nan, wanda ya fi kowanne girma, ya ce, "Kai, ni ba zan iya gani ba," ya fita ya bar ta. Sai da aka goge mai inuwar aka sami wuri.

Ta buga. Malam liman ya duba ya ce hannun gabas ne, ba irin na allonmu ba, amma duk mai karatu zai karanta. Kalmomin kaɗan ne: sunan tsohon, kamanninsa, butarsa, da cewa matarsa Shetu tana jiransa a Sokodé, a tambayi shagon Garuba. In wuta ta zo ta buga, in ta ɗauke ta yanka takarda ta shafa tawada. Kuma ta ja kunnen direbobi: "Kada ku manna. Ku ajiye kawai, a kan benci, a bakin rijiya, a rumfar kasuwa." Aka ajiye a Aouda ma, da ke kudu, ko da an yi kuskuren hanya. Aka ajiye a Kara, a Mango, a Dapaong da ƙauyukanta.

Aka shiga jira. Watanni suka shige, damina ta kusa, Garuba ya rasa ayyuka da dama don babu haruffan da ake so, kuma bai ɓoye haushinsa ba. Mutane suka fara cewa a yi wa Shetu ta'aziyya a huta. Gwamma ba ta daina bugawa ba. In takarda ta ƙare, sai ta juya bayan tsofaffin takardun shago ta ci gaba.

Abin da ya faru a Korbongou, wani gari kusa da Dapaong, Malam Talle mai makarantar allo a can shi ya faɗa mana da bakinsa. Wani manomi ɗan ƙabilar Moba ya tsinci takardar a kasuwa, iska ta jefa ta kusa da kwata. Bai san me ke ciki ba, ya dai ɗauka ya kawo, ya ce da 'yar Hausarsa, "Malam, takardar ku ya faɗi." Idon Malam Talle ba ya ganin ƙananan haruffa, sai ya miƙa wa wani tsoho da ya daɗe a zaurensa. Direban mota ne ya sauke tsohon a garin, ba ya iya faɗin daga ina yake, suna kiransa Malam Baƙo, suna ba shi tuwo, shi kuma yana gyara wa masu karatu kuskure.

Tsohon ya karɓa ya fara karantawa a fili. Ya karanta sunansa ya wuce, kamar sunan wani. Ya karanta kamanninsa ya wuce. Da ya kai wurin da aka ce Shetu tana jira, sai ya tsaya. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya dubi Malam Talle ya ce, "Ai ruwa ta je ɗebowa. Ta dawo ne?"

Salifou ne ya ɗauko shi. Ban iya ba ku labarin saukarsa a ƙofar shagon ba, don ban gani da kyau ba, idona ya ƙi. Abin da na ji shi ne muryar Shetu tana cewa, "Malam, sannu da hanya," kamar daga masallaci ya dawo.

Bayan haka Gwamma ta yi shekaru tana aiki. Na'urori suka canja, rumbunsu ya yi girma, faifansu ya yi faɗi, yaran yanzu suna zuba salo dubu a ciki suna mamakin me ya sa take nauyi. Duk wanda ya koyi aiki a hannunta, a Sokodé ko Dapaong, za ka gane shi: jerin suna kawai yake buɗewa, ba ya kiran hannu sai ana bukatarsa, kuma yana barin wuri don aikin da bai zo ba tukuna. Ku masu shaguna, ku masu ofis, ku da ke zaune gaban na'ura kuna ce wa talaka "ba ya yiwuwa" tun kafin ya gama magana, ga wadda za ku duba. Ba ta fi ku kayan aiki ba, ko rabin naku ba ta da shi. In mutum ya zo muku da damuwarsa, ku zauna ku nemi abin da za a cire don tasa ta shiga.

Gwamma, mun gode. Na gode a madadin layin bayan kasuwa, da direbobi, da duk wanda kika buga wa takarda kika gyara masa magana ba tare da kin kunyata shi ba. Allah ya hutar da gajiyarki, ya ƙara wa idanunki haske, ya sa Mu'minatu ta gaje ki har da taurin kan. Godiya mafi girma kuwa ba tawa ba ce, saƙo ne aka bar mini. Malam Nu'uman ya yi damina biyu a ɗakin matarsa kafin ya cika. Ranar da aka kai shi, Shetu ta kira ni ta ce in na ga 'yarta ta shago in gaya mata liman ya ambaci sunansa daidai.